Hasumiya da Nisan Ido: Hoton Fitilar Bakin Teku da Darasinsa ga Mai Kyamara a Ƙasar Gwandu

Hasumiyar fitila ta bakin teku dogon gini ne da ake kafawa a kan tsibiri, ko a mashigar tashar jiragen ruwa, ko a bisa dutsen da ruwa ke rufewa, a ɗora mata fitila mai ƙarfi a ƙololuwa domin matuƙin jirgi ya hango ta cikin dare, ya san inda yake da inda haɗari yake. Masu ɗaukar hoto sun daɗe da ɗaukar wannan gini a matsayin fage na gwada gwaninta, saboda ya haɗa abubuwan da ke wahalar da kyamara a wuri guda, wato tsawo, da haske mai tsanani a cikin duhu, da ruwa mai motsi, da sararin sama mai yawan canzawa. Mutumin Dangoma ko Kalgo ko Gwandu yana iya ganin batun ya yi masa nisa, tun da ɗaruruwan kilomita ne tsakanin Jihar Kebbi da gaɓar teku mafi kusa, amma ƙa'idar da ta sa wasu hotunan waɗannan hasumiyoyi suka yi fice ita ce dai ƙa'idar da ake bukata wajen ɗaukar hasumiyar masallaci, ko tankin ruwa, ko giginyar da ke tsaye ita kaɗai a bakin fadama. Ƙa'idar kuwa ita ce, gini irin wannan an yi shi ne domin wanda ke nesa, don haka hotonsa yakan yi ma'ana ne idan an ɗauke shi daga inda mai bukatarsa yake tsaye, alhali yawancin masu riƙe da waya a gindinsa suke tsayawa su ɗaga kai.

Mafi shahara a tarihi ita ce hasumiyar Iskandariya ta ƙasar Masar, wadda aka kammala wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta kuma ya haura mita 100. Girgizar ƙasa ta yi ta cin ta, musamman a 1303 da 1323, har ya zama lokacin da Ibn Battuta ya sake ziyartarta a 1349 ya tarar ta lalace yadda ba a iya shiga cikinta, daga baya kuma Sultan Ƙaitbai ya gina ganuwarsa a mazauninta tun daga 1477. Babban sauyi a aikin fitilun hasumiyoyin teku ya zo ne daga Bafaranshe Augustin Fresnel, wanda ya ƙera wani gilashi mai zobba-zobba, kowane zobe yana lanƙwasa hasken da zai watse sama ko ƙasa ya mayar da shi miƙaƙƙe zuwa teku, aka fara ɗora shi a hasumiyar Cordouan a 1823. Kowace hasumiya tana da salon walƙiyarta, wata ta yi walƙiya sau ɗaya a cikin daƙiƙu kaza, wata sau uku a jere sannan ta ɗan yi duhu, kuma da wannan salo ne matuƙi ke bambance ta da sauran. Da rana kuwa fentin jikinta ne ke yin wannan aiki, shi ya sa ake ganin wasu da ratsin ja da fari, wasu da baƙi da fari. Mai hoton da bai san haka ba yakan ɗauki ratsin a matsayin ado, har ya sauya launinsa a kwamfuta domin ya ƙayatar, ba tare da sanin ya shafe shaidar ginin ba.

Dalilin tsawon kansa lissafi ne, domin duniya a dunƙule take, kuma abin da ke can nesa yana nutsewa a bayan lanƙwasarta. Idan aka ɗauki tsawon abu a mita, aka fitar da tushensa na murabba'i, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, sannan aka ninka da kusan 3.6, abin da ya fito shi ne nisan iyakar gani a kilomita. Mutum a tsaye a fili mai shimfiɗa yana hangen abin da bai kai kilomita 5 ba, amma ƙololuwar gini mai mita 27 tana leƙo wa ido daga wajen kilomita 18, idan kuma mai kallon yana bisa raƙumi ko bisa jirgi sai a ƙara nasa nisan a kai. Wannan iyaka ce ta lissafi, ƙura da itatuwa da tuddai suna rage ta ƙwarai, sai dai tana nuna cewa ainihin rayuwar hasumiya tana faruwa ne a da'irar da ta kewaye ta da nisa, inda take bayyana a matsayin ɗan tsinke a gefen sama.

Misalai biyu daga Faransa sun isa su nuna yadda gwanaye suka tunkari lamarin. Na farko aikin Gustave Le Gray ne, wanda a shekarun 1856 da 1857 ya ɗauki teku a gaɓar Normandi da Sète, har da hasumiyar mashigar Le Havre. Farantin gilashin da ake ɗaukar hoto da shi a wancan zamani yana saurin ƙonewa da hasken sama, ta yadda idan aka ba teku lokacin da take bukata sai sama ta fito fari fat babu gajimare, idan kuma aka bi sama sai teku ta zama baƙi. A wasu hotunansa Le Gray ya warware wannan da ɗaukar faranti biyu, ɗaya domin sama, ɗaya domin ruwa, sannan ya buga su a takarda guda, yana haɗa su daidai kan layin da sama ta sadu da teku. Abin da wayoyin hannu ke yi a yau da tsarin da ake kira HDR, inda waya ke ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido, wasu masu haske wasu masu duhu, ta cuɗa su, jikan wannan dabara ne, kodayake waya takan wuce gona da iri har ta kashe inuwar da ke ba gini kauri.

Na biyu shi ne jerin hotunan da Jean Guichard ya ɗauka ranar 21 ga Disamba, 1989, daga jirgin sama mai saukar ungulu, na hasumiyar La Jument da ke kusa da tsibirin Ouessant, ana tsakiyar guguwa. Mai gadin fitilar, Théodore Malgorn, ya ji ƙarar jirgin ya buɗe ƙofa ya leƙo, daidai lokacin da wata igiyar ruwa ta taso ta bayan ginin tana shirin lulluɓe shi, ya kuma samu ya koma ciki kafin ta sauko. A hoton da ya zaga duniya ba a ganin fitilar ko kaɗan, ba a ma ganin saman hasumiyar, gindinta kawai aka ɗauka, da ruwan, da ɗan mutum a bakin ƙofa. Jikin mutumin shi ne ma'aunin da ido ke auna girman igiyar da shi, kuma da an cire shi da hoton ya koma kumfa da dutse waɗanda ba a san girmansu ba. Ba da jimawa ba, a 1991, aka mayar da fitilar mai sarrafa kanta aka janye masu gadi, wanda ke nufin ba za a sake samun irin wannan hoto a wurin ba.

Gaɓar Afirka ta Yamma tana da nata hasumiyoyin, kuma Hausawan zango sun san su. A Dakar akwai ta Mamelles, wadda aka gina a kan tudu a 1864, a Ikko akwai tsohuwar da ke kusa da Tarkwa Bay tun ƙarshen ƙarni na 19, a Akkara kuma akwai ta unguwar Jamestown mai ratsin ja da fari, mai tsawon kimanin mita 28, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin wata ta 1871. Daga Sabon Zongo ko Nima, unguwannin da Hausa take harshen kasuwa da masallaci, tafiya ce ta cikin gari zuwa gindinta. A unguwar Jamestown ce James Barnor, wanda aka haifa a 1929, ya buɗe ɗakin hotonsa mai suna Ever Young a farkon shekarun 1950, kuma daga 2011 bikin zane-zanen titi na Chale Wote ya shafe shekaru yana jawo matasa masu kyamara zuwa can. Hotunan hasumiyar Jamestown da suka fi tsayawa a rai su ne waɗanda aka ɗauka daga ƙasa, daga bakin ruwa inda kwale-kwalen masunta ke jere, da komar kamun kifi a shimfiɗe da hayaƙin banda a gaba, ita kuwa tana can baya ƙarama, domin haka masunci ke ganin ta idan ya dawo daga ruwa.

A cikin ƙasa, inda ayarin raƙuma ya ɗauki matsayin jirgi, ginin da ya fi kusa da wannan aiki shi ne hasumiyar babban masallacin Agadas a Jamhuriyar Nijar. Tsawonta mita 27, da laka aka gina ta, tana da faɗi a gindi tana tsukewa zuwa sama, da itatuwa da suka fito daga jikinta jere-jere, waɗanda ke ƙarfafa ginin kuma magina ke takawa lokacin yaɓe. Ana danganta kafa ta da shekarar 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin, an sake gina ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Ba ta da fitila, amma ta kasance wurin kiran salla, da wurin tsaro, da alamar da matafiyi ke fara hangowa. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya isa Agadas a Oktoban 1850, shekaru shida bayan sabunta ta, kuma da yake ba ya ɗauke da kyamara sai ya dogara da alƙalami. Shi ne kuma ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, inda ya samu kwafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya kwafi sassa daga ciki, kafin ya wuce ta Birnin Kebbi ya nufi Say. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858, da zane-zanen da Johann Martin Bernatz ya gyara daga nasa, kuma abin lura a yawancin zane-zanen garuruwan shi ne daga waje aka hango su, daga hanyar shigowa, da mutane da dabbobi a gaba. Mai zanen da bai taɓa zuwa Afirka ta Yamma ba ya ƙara nasa ado, wannan ba a musu, amma mazaunin idon na matafiyi ne.

Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ta fi wahalar ɗauka, domin gari ya girma ya kewaye ta, benayen siminti da wayoyin lantarki sun toshe hangen nesa. Dole mai hoto ya matso, kuma da ya matso ya karkata kyamara sama sai layukan ginin su riƙa haɗuwa, hasumiyar ta yi kamar za ta faɗi ta baya. Maganin wannan shi ne a riƙe kyamara a miƙe, bayanta daidai da bangon, a ja da baya gwargwadon iko ko a hau wani soro da izinin masu gida, sannan a yanke ƙasan hoton daga baya. Gilashin kyamara mai faɗin gani, wanda shi ne babban gilashin kowace waya, yana ƙara girman abin da ke kusa ya ƙanƙantar da na nesa; gilashi mai jawo nesa kuwa, da yake yana tilasta wa mai hoto tsayawa can baya, yana matse tazara, ya sa mai keke da ke wucewa da hasumiyar da ke bayansa su fito da girmansu na gaskiya a gefen juna.

Ƙasar Gwandu tana da abin da Katsina ta rasa, wato fili. Daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo zuwa Bunza, Gulbin Sakkwato yana ratsa fadama mai faɗi, wadda ake noman shinkafa a cikinta damina da rani, garuruwa kuma suna zaune a kan tuddan gefenta. A shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar 2020 da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, fadamar takan zama shimfiɗar ruwa iya ganin ido, kuma mai kwale-kwale yana gane gari ne da abin da ya fi tsawo a cikinsa, ko hasumiyar masallacin Juma'a, ko tankin ruwa na ƙarfe, ko turken sadarwar waya mai jar fitila a ka, wadda aka sa domin jiragen sama amma kowane matafiyin dare ke amfana da ita. Waɗannan su ne abubuwan da suka cancanci kyamarar matashin Dangoma, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 ta kuma fara aiki a Kalgo. Ana iya raina tankin ruwa a ce ba abin hoto ba ne, amma Jamusawa biyu, Bernd Becher da matarsa Hilla, sun shafe shekaru tun daga 1959 suna ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen masana'antu, kowanne daga gaba, a rana mai lumshi marar inuwa, suna jera su layi-layi domin ido ya ga kamanni da bambanci, har aka ba su babbar lambar baje kolin Venice a 1990. Hanyarsu ta saɓa wa ta Guichard gaba ɗaya, domin su sun kore mutum da yanayi daga hoton, kuma tana da amfani a inda ake son adana siffa. Wanda zai bi ƙauyukan Kalgo da Gwandu ya ɗauki hasumiyoyin ƙananan masallatai ta wannan tsari zai tara abin da masu nazarin gine-gine za su nema nan gaba. Sai dai tsarin ba ya nuna abin da ginin yake yi wa wanda ke nesa, don haka ba ya maye gurbin hoton da aka ɗauka daga cikin fadama.

Haske a wannan yanki yana bin lokutan shekara. Da hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo ya rufe sama, launuka su dushe, inuwa ta yi laushi. Masu hoton biki suna ƙin wannan lokaci, amma ga mai ɗaukar hasumiya kyauta ce, domin hazo yana raba fili hawa-hawa, itacen kusa ya fito baƙi, na tsakiya toka-toka, ginin nesa ya zama inuwa kawai, kuma rana takan zama faifai ja wanda ake iya sa shi cikin hoto ba tare da ya ƙone komai ba. Da bazara, tsakar rana ba ta da amfani ga ginin laka, saboda hasken da ke sauka daga bisa yana shafe zanen yaɓe da sawun hannun magini, waɗanda ba sa fitowa sai haske ya zo daga gefe, da hantsi ko bayan la'asar. Farkon damina kuwa, lokacin da hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas rana kuma tana yamma, shi ne ke ba da farar hasumiya a kan baƙar sama, kuma ruwan da ya kwanta a gonaki yana ba da surarta a juye.

Lokaci mafi daraja ga duk ginin da ke da fitila shi ne tsakanin faɗuwar rana da duhu, sa'ad da hasken sama ya ragu har ya yi daidai da hasken fitila, ta yadda kyamara za ta iya riƙe su biyun. A Turai wannan lokaci yakan yi tsawo da rani, amma Kebbi tana kusan daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke faɗuwa kusan a miƙe, don haka minti ashirin da 'yan kai ne kawai, kuma ya faɗo daidai da sallar magariba, wanda ke nufin mai hoto ya zaɓi wurinsa ya kafa kayansa tun da sauran rana, ko kuwa ya koma ga takwaransa na bayan sallar asuba, wanda ya fi sauƙi kuma iska ta fi kwanciya. A irin wannan haske dole a bar ƙofar kyamara a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko fiye, abin da hannu ba ya iya riƙewa ba tare da rawa ba, sai da mariƙi mai ƙafa uku, ko a jingina waya da katanga ko buhun shinkafa a saita ta ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu. Doguwar buɗewa tana mayar da ruwa mai motsi sumul, tana mayar da fitilar babur zare mai haske a kan hanya, ginin kuwa yana nan daram. Ƙara wa kyamara saurin jin haske, wanda ake aunawa da lambar ISO, yana rage bukatar mariƙi amma yana cika sama da ɗigo-ɗigo, kuma a hoton da rabinsa sama ce wannan asara ce babba.

Akwai ladubba da dokoki da ba a tsallakewa. Malamai sun yi saɓani game da hoton abu mai rai, kuma kodayake gini da itace ba su shiga wannan saɓani ba, mutumin da za a sa a matsayin ma'auni ya shiga, don haka neman yardarsa wajibi ne, kuma sau da yawa surarsa daga nesa ko daga baya ta wadatar. A wuri kamar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ke Gwandu, inda mutane ke zuwa ziyara, masu kula da wurin ne ke faɗin abin da za a ɗauka da wanda ba za a ɗauka ba, a ƙauye kuma ana fara gaida mai gari da liman kafin a fito da kyamara. Halin tsaro ya sa ɗaukar turakun sadarwa da gadoji na iya jawo tambaya, tashi da ƙaramin jirgi marar matuƙi kuwa yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa.

Ginin laka ba ya jiran kowa, kuma masallatai da yawa an rushe su an sake su da siminti ba tare da an bar ko hoto ɗaya ba. Abin da aka sani a yau game da siffar wasu tsofaffin gine-ginen Arewa ya dogara ne da aikin mutane irin su Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, wanda ya shafe shekaru yana aunawa da ɗaukar hotonsu, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma shi ne ya jagoranci kafa gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu. Darajar hotunansa ta zo ne daga bayanin da ke tare da su, na wuri da lokaci da ma'auni. Hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba yana raguwa, bayanan ranar ɗauka da ke ɓoye cikinsa kuma suna gogewa, saboda haka mai son aikinsa ya yi amfani nan da shekara talatin sai ya adana ainihin fayil ɗin a wuri biyu, ya rubuta sunan garin da ranar da kuma gefen da ya tsaya, ko daga hanyar Kalgo ne ko daga cikin fadama, ya kuma wanke kaɗan daga cikin hotunan a takarda ya ba masallacin ko fadar mai garin nasu kwafi.